Shuka a bakin titi: abin da Paris ta ba mazaunanta, da abin da ta karɓe daga baya

Ranar Lahadi, 23 ga Maris 2025, aka kira mazauna birnin Paris su kaɗa ƙuri'a kan tambaya guda: ko sun yarda a ware ƙarin tituna 500 a bar wa masu tafiya a ƙasa, a fasa kwaltarsu, a dasa itatuwa da furanni. Kusan kashi 66 cikin 100 na waɗanda suka fito suka ce sun yarda. Sai dai waɗanda suka fito ɗin kashi 4 ne kacal cikin 100 na masu rajista, duk da cewa an buɗe ƙofar zaɓen har ga 'yan shekara 16.

Labarin ya zaga duniya, kuma da yawa sun ɗauka cewa mutanen unguwa ne za su fito da fatanya da bokiti su gyara titunansu. Masu bibiyar al'amuran birnin kuwa sai abin ya ɗaure musu kai, domin shekara uku kafin nan hukumar birnin ta sanar da cewa za ta ja da baya daga tsarin da ya ba ɗaiɗaikun mutane izinin shuka a gindin itatuwan bakin titi. Yaya birni zai karɓe izini daga hannun jama'a, sannan ya dawo yana neman amincewarsu ya ƙara shuka? Amsar ita ce abubuwa daban-daban ne ake cuɗa su wuri guda, kuma kowanne da mai shi, da dokarsa, da wanda nauyin ban-ruwa ke kansa.

## Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

Na farko shi ne lambun haɗin gwiwa. Fili ne mai shinge, galibi na hukumar birni, da ake damƙa wa wata ƙungiyar unguwa bisa yarjejeniya. Mambobi su ke noma shi, su ke riƙe da makulli, amma sharaɗi ne su buɗe wa kowa a wasu lokuta cikin mako. Paris ta tsara wannan tun 2003 a ƙarƙashin shirin da ake kira Main Verte, kuma irin waɗannan lambuna sun haura 100 a birnin.

Na biyu shi ne izinin shuka, wanda Faransawa ke kira permis de végétaliser. Wannan ba shi da shinge, ba shi da ƙofa. Takarda ce da ke ba mutum ɗaya, ko wasu mutane, damar shuka a wani ɗan guntun wuri na titi: gindin bishiya, ko gefen bango, ko akwatin katako da aka cika da ƙasa aka ajiye a hanyar masu tafiya. An fara bayar da shi a tsakiyar 2015, shekara guda bayan Anne Hidalgo ta zama magajiyar gari.

Na uku shi ne titin lambu, wato abin da aka kaɗa wa ƙuri'a a 2025. A nan injiniyoyi da ma'aikatan hukuma ne ke cire kwalta, su tona ramuka, su zuba ƙasa, su dasa, kuɗin kuma daga baitulmalin birni yake fitowa. Ana tuntuɓar mazauna wajen zaɓen titi da tsarinsa, amma aikin na gwamnati ne.

Akwai na huɗu da ba ya cikin tsarin hukuma ko kaɗan, shi ne shukar da mutane ke yi ba tare da sun tambayi kowa ba: a ga kango ko gefen hanya da aka yi watsi da shi, a watsa iri, a tafi. Daga wannan ne sauran suka samo tushe.

## Asalin abin

A 1973 birnin New York yana cikin matsin kuɗi, gidaje da yawa sun ƙone ko an gudu an bar su, filaye sun zama bola. Wata mai zane mai suna Liz Christy da abokanta suka fara jefa dunƙulen ƙasa mai iri a ciki ta saman shingayen waɗannan filaye, daga baya suka share wani kango a mahaɗar titunan Bowery da Houston suka mai da shi lambu. A 1974 hukuma ta ba su hayar wurin a kan dala ɗaya duk wata. Zuwa 1978 birnin ya kafa ofishin GreenThumb don ya kula da irin waɗannan lambuna. Tsarin da aka bi a nan shi ne aka yi ta maimaitawa a wasu wurare: jama'a su fara ba tare da izini ba, hukuma ta ga amfanin abin, sai ta yi masa doka.

Tunanin ya isa Faransa a ƙarshen shekarun 1990. Lambun haɗin gwiwa na farko da aka fi sani an buɗe shi a birnin Lille a 1997, Paris ta biyo baya.

Abin da ya sa maganar ta tashi daga sha'awa ta koma larura shi ne zafi. A watan Agustan 2003 zafi ya kashe mutane kusan 15,000 a Faransa, mafi yawansu tsofaffi. Ranar 25 ga Yulin 2019 ma'aunin zafi ya kai digiri 42.6 a Paris. Ga mutumin Sakkwato ko Agadas wannan adadi ba baƙo ba ne, amma Paris ba a gina ta don irin wannan yanayi ba. Mutane sama da miliyan 2 ne ke zaune a fili mai faɗin murabba'in kilomita 105, rufin gidaje da yawa na tutiya ne, akasarin gidaje ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Dutse da kwalta suna shan rana duk yini, da dare su yi ta fitar da ita, jiki bai samu ya huce ba har gari ya waye. Bishiya tana rage wannan ta hanya biyu: inuwarta tana hana ƙasa ɗaukar zafi, ganyenta kuma yana fitar da danshi. Wani bincike da mujallar The Lancet ta wallafa a 2023 kan birane 93 na Turai ya ƙiyasta cewa zafin cikin gari ya jawo mutuwar mutane kusan 6,700 a bazarar 2015, kuma da inuwar itatuwa ta rufe kashi 30 cikin 100 na waɗannan birane, da an kauce wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mace-macen.

Akwai kuma dalili na biyu da ba a cika ambatawa ba. Dokar da aka fi sani da sunan Labbé ta haramta wa hukumomi fesa maganin ciyawa da na ƙwari a wuraren jama'a daga 1 ga Janairun 2017, ta haramta wa ɗaiɗaikun mutane daga 2019. Da zarar an daina fesa magani, ciyawa za ta fito a gindin kowace bishiya da kowace tsaga ta daɓe, cire ta kuma sai da hannu. Birni mai itatuwan bakin titi wajen 100,000 ba shi da ma'aikatan da za su bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan mazauna suka karɓi wasu, an rage wa hukuma aiki, an kuma saba wa ido da ganin tsiro a inda a da ake ɗaukarsa ƙazanta.

## Abin da takardar ta ɗora wa mai ita

A tsarin da aka fara da shi, neman izinin ba shi da wuya, kuma kyauta ne. Mutum ya cike fom ta intanet, ya nuna wurin da abin da yake son shukawa, ma'aikata su duba ko akwai bututun ruwa ko wayar lantarki a ƙasa, ko shukar za ta tare hanya. Idan an amince, izinin na shekara uku ne, ana iya sabunta shi. Wanda ya buƙata ana ba shi ƙasa da iri na farawa.

Nauyin kuma yana cikin yarjejeniyar da yake sa wa hannu. Shi zai yi ban-ruwa, shi zai yi nome, shi zai kwashe sharar da ta faɗa wurin. Ba zai yi amfani da maganin ƙwari ba. Ana so ya fifita tsirran yankin da masu jawo ƙudan zuma, ya guji masu ƙaya da masu guba. Zai kafa ɗan allo da ke nuna cewa wurin yana da mai kula. Kuma dole ya bar hanya, domin ƙa'idar Faransa ta tanadi faɗin mita 1.40 ba tare da cikas ba saboda keken guragu da na jarirai.

Ta fuskar shari'a, takardar aron wuri ce na ɗan lokaci. Titin na jama'a ne, ba a sayar da shi, ba a gadonsa, kuma hukuma na iya janye izinin duk lokacin da take buƙatar wurin. Mai shukar ba shi da ikon hana wani tsinkar furensa. A 2021 dokar ƙasa kan sauyin yanayi ta tabbatar wa ƙananan hukumomi ikon ba da irin wannan izini ba tare da karɓar kuɗi ba, abin da ya nuna yadda tsarin ya riga ya yaɗu zuwa birane da dama.

Wanda ya lura zai ga inda nauyin ya karkata. Aikin yau da gobe duka yana kan mutum, iko kuma duka yana hannun hukuma.

## Inda aka samu tangarɗa

An ba da izini 'yan dubbai cikin shekarun farko, kuma wasu wuraren sun yi kyau ƙwarai, musamman inda maƙwabta da yawa suka haɗu, ko inda mai shago ko makaranta ke daura da wurin. Amma da yawa sun lalace, kuma dalilan ba na lalaci ba ne kawai.

Ruwa shi ne na gaba. Mafi yawan mutanen Paris a bene suke zaune, wani a hawa na biyar a gidan da ba shi da lif. Babu famfo a bakin titi da aka tanadar wa mai shuka, don haka sai ya sauko da ruwa daga ɗakinsa. A watan Yuli da Agusta, lokacin da tsiro ya fi buƙatar ruwa, shi ne lokacin da iyalai ke barin gari zuwa hutu. Mako uku ba ruwa ya isa ya kashe aikin wata shida. Abin mamakin shi ne Paris tana da bututun ruwa na biyu tun ƙarni na 19, na ruwan da ba a tace don sha ba, wanda ake wanke tituna da shi ana kuma shayar da manyan lambuna. Amma wannan a hannun ma'aikata yake.

Sai kuma halin titi. Gindin bishiya a babban birni wurin fitsarin karnuka ne, wurin jefa guntun sigari da gwangwani, wurin jingine keke. Don kare shukarsu mutane suka riƙa kewaye ta da katako, kowa da irin nasa. Katako kuwa in ya sha ruwan sama shekara biyu sai ya ruɓe, ya karye, ya zama abin tara shara.

Na uku, ƙaura. Yawancin mazauna birnin 'yan haya ne. Mutum ya karɓi izini da zuciya ɗaya, bayan shekara ya canja unguwa, ko ya samu haihuwa, ko aiki ya yi masa yawa. Takardar tana nan da sunansa, masu shara na hukuma suna ganin wurin ba nasu ba ne, maƙwabta suna ganin na wani ne. Wurin sai ya zama ba shi da kowa, alhali a rubuce yana da mai shi. Wannan shi ne babban ramin da ke cikin tsarin, ya fi matsalar ruwa girma, domin ba a tanadi hanya mai sauri ta gane cewa an bar wuri a kuma maye gurbin mai kula da shi ba.

Ita kanta bishiyar ma ba kullum take amfana ba. Masana itatuwa sun ja hankali cewa tara ƙasa a jikin kututture yana riƙe danshi ya ruɓar da ɓawo, tono kuma yana yanke ƙananan saiwoyi, furanni masu yawan shan ruwa suna gasa da ƙaramar bishiyar da ba ta gama kafuwa ba. A ɗaya gefen, ƙasar da aka sassauta aka rufe da ganye ta fi wadda aka tattake shan ruwan sama. Ya danganta da sanin mai aikin, kuma ba kowa aka koya wa ba.

A bazarar 2021 duk wannan ya fashe a shafukan sada zumunta ƙarƙashin taken #SaccageParis, wato ana lalata Paris. Dubban hotuna suka yi ta yawo: bola, ramuka, kujerun zamani da mutane ba su so, da kuma gindin itatuwa mai ruɓaɓɓen katako da busasshiyar ciyawa. Masu wannan kamfe sun yi ta kwatanta su da faifan ƙarfen nan mai ado da ake rufe gindin itatuwa da shi tun zamanin da wani babban jami'in gwamnati mai suna Haussmann ya sake fasalin birnin a ƙarni na 19, wanda a wurin mutane da yawa yana cikin abin da ya sa Paris ta zama Paris. Da farko hukumar birni ta ce yarfe ne na siyasa. Amma a Janairun 2022 Emmanuel Grégoire, wanda shi ne mataimakin magajiyar gari na farko a lokacin, ya amince cewa sakamakon bai gamsar ba, ya sanar da cewa ma'aikatan birni za su karɓi ragamar gindin itatuwa, izini kuma za a karkata shi ga ayyukan da ƙungiya ke riƙe da su.

## Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon bayan izinin suna ganin an auna shi da ma'aunin da ba nasa ba. A wurinsu amfanin bai tsaya ga kyan gani ba: maƙwabtan da suka shekara ba su gaisa ba sun san juna a bakin shuka, yara sun ga yadda iri ke tsirowa, tsoho mai zaman kaɗaici ya samu dalilin saukowa ƙasa. Suna kuma cewa idon da ya saba da lambun da aka aske tsaf shi ke kiran ciyawar daji ƙazanta, alhali ita ce abincin ƙwari da tsuntsaye. Ƙorafinsu ga hukuma shi ne ta ba da takarda ta juya baya, ba famfo, ba horo isasshe, ba mai zagayowa ya duba.

Masu suka ba murya ɗaya gare su ba. Akwai masu kishin tarihi da fasalin birni, waɗanda ke cewa titi na kowa ne, don haka bai kamata ɗanɗanon mutum ɗaya ya hau kansa ba. Akwai masu kallon abin ta fuskar haraji: an biya hukuma ta kula da titi, ba daidai ba ne ta miƙa aikin ga 'yan sa-kai ta kira shi shigar da jama'a cikin mulki. Wannan hujja ta biyu ana jin ta daga masu ra'ayin riƙau da masu ra'ayin sauyi duka, domin masu kare ma'aikata ma suna fargabar aikin kyauta ya zama dalilin rage ɗaukar masu kula da lambu.

Ita hukumar ta tsaya ne a kan cewa gwaji aka yi, an ga abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba. Lissafinta ya koma ga manyan ayyuka: alƙawarin dasa itatuwa 170,000 tsakanin 2020 da 2026, rufe titunan gaban makarantu ga motoci, da titunan lambu. Dalilinta mai ƙarfi ne, domin tukunyar fure ba ta sauko da zafin unguwa. Abin da ke yin haka shi ne babbar bishiya mai faɗin kai da ƙasa buɗaɗɗiya mai shan ruwa, waɗannan kuma sai da injin fasa kwalta da taswirar bututun da ke ƙarƙashin ƙasa.

Game da ƙuri'ar 2025 kuwa, 'yan adawa sun riƙe maganar kashi 4 cikin 100, suna cewa ba a gina babban sauyi a kan wannan adadi, balle ma ba a faɗi sunayen titunan ba kafin zaɓe. Magoya baya suka amsa cewa an buɗe wa kowa rumfa, kuma manufar tana cikin abin da aka zaɓi shugabannin birnin a kansa tun farko.

## Yadda wasu wurare suka bi da matsalar

A ƙasar Holan an daɗe da al'adar cire layin tayil na hanyar masu tafiya da ke manne da bangon gida a shuka a wurin. A Rotterdam ba a buƙatar izini muddin faɗin bai wuce santimita 45 ba kuma an bar wa jama'a isasshiyar hanya. A 2020 Rotterdam da Amsterdam suka yi gasar wanda zai fi cire tayil, gasar da daga baya ta game ƙasar. Bambancin wannan da na Paris ƙarami ne a ido, amma shi ne komai: shukar tana jikin bangon mutum, taku biyu daga famfonsa, kowa ya san ta wane ce, in ya tashi wanda ya shiga gidan ya gaje ta.

A Los Angeles, Ron Finley ya shuka kayan miya a ɗan filin da ke tsakanin titi da hanyar masu tafiya a gaban gidansa, a unguwar da samun ɗanyen kayan lambu ke da wuya. Hukuma ta ba shi takardar gargaɗi, jama'a suka tsaya masa, a 2013 majalisar birni ta dakatar da hukunta masu irin wannan shuka. A New York kuwa, lambunan da mutane suka raya sun ɗaga darajar unguwanni, sai a 1999 gwamnatin magajin gari Rudolph Giuliani ta sa fiye da 100 daga cikinsu a gwanjo. Ƙungiyoyi biyu masu zaman kansu ne suka saye su ana gab da buga ƙararrawa. Wanda ke shuka a filin aro yana iya wayar gari ya ga gyaran da ya yi shi ya jawo masu saye.

Freetown, babban birnin Saliyo, ya ɗauki wata hanya dabam. Bayan zaftarewar ƙasa ta Agustan 2017 da ta kashe mutane sama da 1,000, magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr ta ƙaddamar da shirin dasa itatuwa miliyan ɗaya a 2020. Mutanen unguwa ke dasawa, amma ana biyansu. Kowace bishiya ana ɗaukar hotonta da waya tare da alamar inda take, ana komawa ana sake ɗauka, kuɗi kuma yana biyo bayan shaidar cewa tana raye. An ɗauki reno a matsayin aiki mai lada, ba a jingina shi ga sha'awa kaɗai ba.

Mai karatu a Nijar ya san wani ɓangare na wannan tambaya. Duk ranar 3 ga Agusta ana bikin 'yancin kai tare da dashen itatuwa, kuma zoben dogon yaro da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965 aikin gwamnati ne, wanda gine-gine da sara suka ci wani yanki nasa. A gonakin Maraɗi da Damagaram kuwa, tun daga shekarun 1980 manoma suka riƙa barin tohon kututture suna sassabe shi har ya zama bishiya, aka farfaɗo da fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5. Masu nazarin wannan sauyi sun danganta shi da lokacin da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Gona daban, titi daban, kuma ba za a iya mallaka wa mutum titi ba. Amma tambayar wa zai amfana da wa zai ɗauki nauyi ita ce dai.

## Wa zai ji a jikinsa

Idan aka kammala tituna 500 ɗin, adadin irinsu a Paris zai kai kusan 700, wato sama da kashi ɗaya cikin goma na titunan birnin, kuma za a rasa wuraren ajiye motoci kusan 10,000. Mafi yawan gidajen Paris ba su da mota, don haka wanda zai fi jin wannan shi ne mai shigowa daga bayan gari: mai gyaran famfo, mai kai kaya, ma'aikaciyar jinya mai bin gidaje. Waɗannan da yawansu ba su da ƙuri'a a zaɓen, tunda ba a cikin birnin suke da rajista ba. Motocin da aka hana wani titi kuma ba duka ke ɓacewa ba, wasu titin kusa suke komawa, don haka maƙwabcin titin lambu yana iya samun ƙarin hayaƙi da ƙara, aƙalla a farko.

Masu cin riba a fili su ne yara, tsofaffi da masu zaune a ƙananan ɗakunan ƙarƙashin rufi, waɗanda zafi ya fi kamawa. Naƙasassu kuwa ribarsu tana rataye ga tsari: titin da ba mota ya fi musu sauƙi, amma akwatin shuka da aka ajiye barkatai cikas ne ga makaho da mai keke.

Ɗan haya yana da nasa lissafin. Titi in ya yi inuwa ya yi shiru, kuɗin gida yakan tashi, abin da aka gani ƙarara a kewayen lambun High Line na New York bayan buɗe shi a 2009. Wanda ya yi ta jigilar ruwa don titinsa ya yi kyau yana iya zama shi ne kuɗin haya zai kora. Aikin sa-kai kansa ba a rabe yake daidai ba: mai lokaci da ilimin cike fom ya fi mai aikin dare samun damar shiga, don haka in aka bar shuka ga masu sha'awa kaɗai, unguwannin da suka fi buƙatar inuwa su ne za su fi rasa ta.

Wanda ke tunanin shuka abin ci a bakin titi kuma yana da ƙarin hattara. Ƙasar tsofaffin birane tana iya ɗauke da darma daga tsohon fenti da hayaƙin fetur na shekarun baya, shi ya sa ake ba da shawarar a shuka kayan miya a akwati da ƙasar da aka kawo daga waje, a bar ƙasar titi ga furanni.

Ga mai son shiga a dama da shi a Paris yau, ƙofar ba a rufe take ba, amma ta ƙungiya ce: lambun haɗin gwiwa, ko izinin da mutane da yawa suka sa wa hannu, ko zaman tuntuɓa kan titin da za a zaɓa a unguwarsu. Abin da zai nuna ko titunan lambu za su tsira daga abin da ya sami gindin itatuwa shi ne kasafin da aka ware wa reno bayan an gama bikin buɗewa. Sabuwar bishiyar titi tana buƙatar ban-ruwa a kai a kai na shekara biyu zuwa uku kafin saiwarta ta kama, kuma tituna 500 na nufin ƙarin ma'aikatan lambu, motocin ruwa, da rubutacciyar yarjejeniya a kowane titi da ke fayyace abin da ke kan hukuma, abin da ke kan mazauna, da wanda zai karɓa ranar da mazaunan suka gaji ko suka tashi.